Kyamarar Baba da Azumin Kakata

Shekarun baya, lokacin ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare kuma ina ganin duk faɗin ƙaramar hukumarmu babu mai wayona, na kusa raba kakata da gidanmu ba tare da na sani ba. Har yau idan aka tada zancen, mahaifiyata takan ce ni kaɗai ne mai laifi. Ni kuma ina cewa mu huɗu ne, ni dai aka fi samun sauƙin kamawa. Ku karanta ku yanke hukunci, amma ku tuna yaro ne ni a lokacin.

Gidanmu yana wani ƙauye ne a gefen Bagwai, irin wurin da idan ka fito daga zaure ka yi taku goma ka shiga gonar wani. Mahaifina safiyo ne a kamfanin gina hanyoyi, wato mutumin nan da za ka gani a gefen titi da hular kwano yana leƙa wani abu mai ƙafa uku. A shekarar an tura su aiki can wajen Gombe, sai ya yi wata biyu bai leƙo gida ba. Mahaifiyata malamar firamare ce, da safe take fita. Kakata kuma, wadda ta haifi mahaifiyata, tana zaune tare da mu tun rasuwar kakana, ita ce mai riƙe ƙanwata idan kowa ya watse.

Kakata mutumiyar da ce, kunyarta ta da ce. Mahaifiyata 'yar farinta ce, don haka tun da nake ban taɓa jin sunan ya fito daga bakinta ba, sai dai "ke" ko "waccan". Mahaifina kuwa, surukinta, ko ruwa ba ta taɓa kurɓa a gabansa ba. Da ya yi sallama a zaure za ka neme ta ka rasa. Idan zai gaishe ta, tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa yana kallon ƙasa, ita kuma tana daga cikin ɗaki tana kallon bango, su yi minti biyar suna tambayar lafiyar juna ba wanda ya ga fuskar wani. Saboda haka duk ranar da mahaifina ya yi tafiya, ranar Sallah ce a wajenta. Za ta yar da mayafi, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ta ci, ta sha, ta yi musu da mai karanta labarai a rediyo. Ni kaɗai ne babu kunya tsakanina da ita. Ango take kirana, kullum muna cikin rigimar ban kawo cefane ba.

Wani zuwa da mahaifina ya yi, sai ga shi da kwali da wani mai gyaran lantarki daga unguwar Bacirawa, can cikin birni. Suka yi rabin wuni a kan tsani, suka ja waya daga batirin sola, suka maƙala wani farin abu mai ido ɗaya a saman ƙofar kicin. Yana juya wuya kamar mujiya. Mahaifina ya yi mana bayani cewa kyamara ce, duk inda yake a duniya idan ya buɗe wayarsa zai ga tsakar gida, har ya yi magana mu ji. Duk wannan bayanin kakata tana ɗaki, tun da maigidan yana gida.

Washegari da ya tafi, ta fito ta tsaya a ƙarƙashin abin ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kira ni.

"Ango, wannan kuma fitilar me ce ba ta haske?"

A wannan lokacin da na ce mata abin kallon ɓarayi ne, da an wuce wurin. Amma ni Allah ya yi ni ba na iya barin labari a yadda yake. Na gyara tsayuwa na ce ai idon Baba ne. Na ce yana gani dare da rana, yana ratsa bango, yana ganin cikin ɗaki har ƙarƙashin gado. Na ce idan mutum yana tauna, a Gombe ana jin ƙarar haƙoransa. Ta tambaye ni har ina ganin nasa yake kaiwa, na ɗaga kai na hango tsamiyar da ke can ƙarshen gonar gyaɗa, na ce daidai nan ne iyaka, idan an sa cikakken data.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ranar da aka raba ƙarya ni na je da buhu. Ta koma kan tabarmarta, ni kuma na tafi ƙwallo. Wallahi kafin in kai fili na manta na faɗi wani abu. A ranar kaɗai na gaya wa wani abokina cewa kawuna ya taɓa kokawa da kada, na gaya wa malamin lissafinmu da na ci karo da shi a hanya cewa akuya ta cinye littafina. Wa zai riƙe duka?

Da yamma muna zaune, kakata ta tasa akushin tuwon dawa da miyar kuka, kanta ko ɗankwali babu. Ta yanko loma, ta dangwala, ta ɗaga ta kai daidai baki. Sai farin abin nan ya juyo da wuya a hankali, ya tsaya a kanta, muryar mahaifina ta fito daga bango raɗau.

"Salamu alaikum. Inna, barka da yamma. An wuni lafiya?"

Lomar nan ba ta shiga ba, ba ta kuma koma akushi ba. Ta tsaya a sama, miya tana ɗiga. Sai kakata, wadda kullum sai na kama hannunta take tashi saboda ciwon gwiwa, ta miƙe tsam ta yi ɗaki da gudun da ko ni sai na yi da gaske. Takalminta ɗaya a nan ta bar shi. Muka yi ta dariya, har mahaifiyata tana share hawaye. Mahaifina yana ta tambaya daga bango me ya faru, ko sabis ne ya ɗauke.

Washegari kakata ta tashi da azumi. Litinin ce, ba wanda ya ce komai. Talata ma ta tashi da shi. Laraba da mahaifiyata ta yi ƙarfin halin tambaya, sai ta ce ramuwa take yi. Alhamis ta ce wata ramuwar ce ta tuno, tun ta shekarar da aka yi mata aure. Da magariba ta yi sai ta lulluɓe da mayafi ta bi jikin bango ta fice wajen maƙwabciyarmu, wai za ta gaishe ta. Daga baya muka ji cewa ludayi biyu na kunu take sha a can ta ce alhamdu lillahi, don ba za ta je gidan mutane ta zauna ta cika ciki ba. Sahur kuwa ba ta yi sam.

Mahaifiyata ba sakarya ba ce, tun farko ta zargi kyamarar. Sai ta daina kai abinci tsakar gida, ta riƙa kai mata har ɗaki, ta sakaya labule, ta ja ƙofa. Kwanon ya riƙa dawowa yadda ya shiga. Nan ne lissafinta ya rushe. Ta ce idan kunya ce, a ɗaki wa yake ganin ta? Ashe ba kyamara ba ce. Ni ma na gyaɗa kai kamar wani babban mutum na ce gaskiya ba ita ba ce.

Daga nan gidan ya koma wurin hasashe. Mahaifiyata ta ce girkinta ne ya gundure ta, sai ta shiga canza tukunya. Yau dambu da zogale, gobe faten wake, jibi ɗanwake da man ƙuli, har zakaran da ake tanadi aka yanka. Duk abin da ya dawo daga ɗakin kakata kuwa, kun san inda yake sauka. A sati biyu na yi kumatu har wandon makaranta ya daina rufuwa. Maƙwabciyarmu ta ce iska ce ta shafe ta, a nemo rubutu. Aka samo, aka ajiye mata kwalbar a gefen gado, ita ma ko buɗe ta ba a yi ba. Wata ƙanwar mahaifina ta ce ai tsofaffi idan sun yi wani mafarki haka suke yi, su rage cin duniya. Wannan maganar ce ta tsaya mini a wuya. Na riƙa zuwa ina tsokanarta, in ce amarya ko kin samu wani angon ne yake kawo miki tsire a ɓoye, sai ta ɗora yatsa a baki ta ce in rage murya. Kakata da ake jin muryarta daga masallaci.

Shi ma mahaifina ya rikice daga inda yake. Kullum zai yi sallama ta bango ya tambayi ina Inna, a ce tana ɗaki. Ya ce shi tun ranar nan bai ƙara ganin ta ba, sai dai wani lulluɓaɓɓen abu da yake wucewa ta jikin katanga da sauri. Ya tambayi mahaifiyata ko ya yi wani laifi ne. Ta ce ita ma abin da take tambayar kanta ke nan.

Ranar da abin ya daina ba da dariya, kakata ta sunkuya za ta ɗebi ruwan alwala a randa, jiri ya kwashe ta. Allah ya sa Asabar ce, muna gida. Muka samo mai adaidaita ya kai mu asibiti a Bagwai, ni ina riƙe da jakarta, mahaifiyata tana riƙe da kanta. Likita ya auna nan, ya auna can, ya ɗebi jini, ya dawo ya zauna. Ya ce babu wani ciwo, yunwa ce kawai. Ya kalli kakata da ta koma kamar sillen kara, ya juyo ya kalli kumatuna, ya sake kallon mahaifiyata. Da ƙasa za ta tsage da mahaifiyata ta shige. Ya hana azumi, ya ba da maganin ƙarin jini, ya ce a ci abinci kafin a sha.

A hanyar dawowa muka shiga bas a tasha muna jiran ta cika. Kakata ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce in kira mai gurasa. Na kira. Ta ja mayafi ta rufe fuska, gurasa ta shiga ƙarƙashin mayafin, ba ta fito ba. Ta ce a ƙaro. Aka ƙaro. Ta uku ma haka. Ta sa aka dama mata fura da nono, ta bi da dafaffiyar gyaɗa, har ta tambaya ko mai awara ta yi nisa. Ni da mahaifiyata muka kalli juna. Mahaifiyata har ta fara hamdala, ta ce cin abinci ya dawo.

Muna isa gida aka zuba mata shinkafa da wake, aka kai ɗaki. Kwano ya dawo a cike.

A ranar na ga mahaifiyata ta zauna a kan turmi a kicin tana kuka ba sauti. Uwarta tana cin gurasar tasha, amma ba ta cin abin da ta dafa da hannunta. Kuma ba ta da bakin da za ta je ta tsare ta da tambaya, don tsakanin uwa da 'yar fari irin wannan maganar ba ta da ƙofar shiga.

Labari ba ya kwana a ƙauye. Kafin kwana biyu ya kai Makoda, wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata. Ya kira a waya, ban ji duka ba, amma na ji inda ya ce ba zai zauna a ce yunwa ta kayar da uwarsa a gidan suruki ba, ɗakinta yana nan, ranar Asabar zai zo da mota. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kakata ba ta yi musu ba. Shiru ta fara haɗa kaya. Ta naɗe zannuwanta, ta sa rediyonta a cikin kwalla, ta ba ƙanwata wani ɗan madubi da take ta roƙo tun bara. Na tsaya a ƙofa ina kallo, na ce amarya yaji za ki yi ba ki gaya wa ango laifinsa ba. Ko murmushi ba ta yi ba.

Ranar Alhamis da la'asar ta ce in raka ta ta tsinko rama. Na yi mamaki, don akwai rama a bayan gida, amma na bi ta. Damina ta yi nisa, gero ya fi ni tsawo, muka bi siririyar hanya tana dafe da kafaɗata tana hutawa. Muka wuce rama ta farko, muka wuce ta biyu. Muka ratsa gonar gyaɗa har muka kai tsamiya. Ba ta tsaya ba sai da ta ƙara taku kamar ashirin, sannan ta zauna a kan kunyar gona, ta waiwaya wajen gida, ta yi ƙasa da murya.

"Ango, nan ma yana gani?"

Na ce wa?

"Uban naka. Ka ce tsamiya ce iyaka. Mun wuce ta ko in ƙara gaba?"

Ta zaro wani ƙullin leda daga cikin zaninta, ɗumamen dambu ne ya yi sanyi, ta fara ci. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Duk maganganun nan da na watsar ranar nan suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya: bango, ƙarƙashin gado, ƙarar haƙora. Sati uku ke nan tsohuwar nan tana zaune a gidan da, a saninta, surukinta yana tsaye a kanta ko'ina ta juya. Ashe tun da likita ya hana azumi, nan take lallaɓowa idan ƙafa ta yarda, ranar da ba ta yarda ba kuwa haka take wuni.

Na durƙusa na ce Inna wallahi ƙarya na yi. Na ce tsakar gida kawai yake gani, ita ma ba duka ba, kuma sai ya buɗe waya, kuma rabin lokaci ma babu sabis a inda suke. Ta ci gaba da taunarta, ta haɗiye, ta dube ni.

"To da wanne zan yarda, na ranar nan ko na yau? Ranar nan ma na ce ƙarya kake, kafin magariba bango ya gaishe ni da loma a hannuna."

Na rantse, ta ce rantsuwata ta san farashinta. Na ce to bari in gaya wa Umma, nan take ta kama kunnena. Ta ce idan na kuskura na buɗe baki ba ni ba ita. Mutum ya wahala ya kawo abu don ya riƙa ganin iyalinsa, ita baƙuwa a gidansa ta ce bai yi mata ba? Da wane ido za ta ƙara amsa gaisuwarsa? Gara ta koma Makoda a ce tsufa ne. Ta ɗaure bakin ledar, ta ce in tsinko rama ko kaɗan ce kada a ga mun dawo hannu biyu.

Na kwana na wuni da maganar nan a ciki. Idan na yi shiru, kakata za ta tafi, mahaifiyata kuma za ta zauna da tunanin uwarta ta guje ta. Idan na faɗa, na karya amanar kakata, sannan akwai abin da zai sami bayana. Ba zan yi muku ƙarya ba, na biyun ya fi daɗewa a raina. Sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ja mahaifiyata bayan gida, wajen rumbu, na zayyana mata komai ina kallon yatsun ƙafata.

Sai ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya juye ranƙwashi guda biyu masu kyau a tsakiyar kaina. A nan tsaye ta kira mahaifina. Ta yi masa bayani kaf. Can ya ce innalillahi. Ya sake cewa innalillahi. Ya ce wato ranar nan abinci take ci? Shi a wayarsa yana hango ta hoton ya ɗauke, da ya dawo bai ga komai ba sai tabarma. Ya ce a riƙe kawu ko ta yaya, gobe yana hanya.

Kawuna ya iso da azahar, fuska a ɗaure, ya tsayar da mota ba da niyyar daɗewa ba. Mahaifiyata ta tare shi da ruwa, ta bi da fura, ta bi da tuwo, ta ce ai ba ya tafi bai ci ɗan zabon da aka soya ba. Duk lokacin da ya miƙe sai wani kwano ya fito. Kayan kakata suna ɗaure a bakin ƙofarta. Mahaifina kuwa tun asuba ya kamo hanya, mota uku ya canza, ta ƙarshe ta lalace a hanya ya ƙarasa a kan babur. Ya shigo bayan la'asar, jar ƙasa har gira.

Na ɗauka zai je ya ba ta haƙuri, ya yi bayani. Ina. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa, suka yi gaisuwarsu ta kullum, ya hanya, ya aiki, ya jiki, da sauƙi. Ko kalmar kyamara ba ta fito ba. Da ya miƙe sai ya buɗe wayarsa ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba, ya ja hannun kawuna suka fita zaure.

Na kai wa kakata wayar. Da farko ta ƙi karɓa, sai da mahaifiyata ta sa baki daga bayan labule. Ta riƙe ta nesa da fuska kamar za ta fashe. Ga tsakar gidanmu ƙarama a ciki, ga turmi, ga igiyar shanya, ga kaza tana wucewa. Ta leƙa waje ta ga kazar, ta dawo ta ga kazar. Ta ce ina ɗakinta? Na nuna mata gefen ƙofar da ya ɗan fito. Ta fita tsakar gida da wayar, ta ce in shiga ɗakin in tsaya a tsakiya. Na shiga. Ta ce ba ta yarda ba, na san inda zan laɓe. Ta tura mahaifiyata, ta ce ta ɗaga hannu. Mahaifiyata, malamar makaranta guda, ta tsaya a ɗaki hannu a sama kamar mai laifi. Babu ita a waya. Sannan ta sa aka ba ƙanwata ƙuli-ƙuli mai tauri, aka zaunar da ita a kan gado ta yi ta gurza, ita kuma ta kafa kunne a jikin wayar. Ta daɗe tana saurare. Da ta ɗago, ni ta fara nema da ido, na koma bayan randa.

Ana cikin haka mahaifina ya yi gyaran murya ya shigo da tsani a kafaɗa. Kakata ta ja mayafi ta juya baya, amma ba ta gudu ba. Ya jingina tsanin a bangon kicin ya hau, ya fara kwance abin. Sai ta yi magana, ba da shi ba, da ƙanwata mai shekara uku da ke tsaye da ƙuli a hannu.

"Ke, gaya wa mutanen gidan nan kada a cire. Wanda yake nesa yana son ganin gida. A juya shi ya kalli turken tumaki da ƙofar waje, can ne ɓarawo yake shigowa, ba kan tabarmata ba."

Mahaifina yana kan tsani ya amsa wa bango, ya ce to, an gode, Allah ya ƙara girma. Ya juya wuyan abin ya ɗaure shi yadda ba zai ƙara waiwayowa ba. Kawuna, da sai a lokacin aka ba shi labari a zaure, ya shigo yana dariya har yana dafa katanga, ya ce a ba shi aron yaron nan ya kai shi Makoda ya yi masa noman rani. Ni na kwance ƙullin kayan na mayar da su ɗaki, ni na jera komai inda yake. A yammacin nan maza suka ci nasu a zaure, kakata ta zauna a tabarmarta ta tashi da malmala biyu. Ni kuma ta ce aurenmu ya mutu, ta koma wajen jaririn maƙwabta, shi aƙalla bai iya magana ba tukuna. Sai da na yi wata guda ina ɗebo mata ruwan alwala kafin ta mayar da ni.

Har yanzu idan na tuna abin, ban gama gane shi ba. Mutum huɗu a gida ɗaya, kowa yana son kowa, kowa yana kare mutuncin kowa, amma tsohuwa ta kusa tafiya saboda babu mai iya tambayar wani kai tsaye. Ni kaɗai aka bar wa baki a gidan, ni kuma ga abin da na yi da shi. Ban daina ƙara wa labari gishiri ba, ku da kuke karanta ni kun sani, wataƙila gurasar nan ma biyu ce. Amma na koyi duba fuskar wanda nake gaya wa, ko zai yi dariya ya wuce, ko zai ɗauka ya tafi da ita ɗaki.

Mahaifina ya yi kusan shekara biyu yana kallon tumaki daga Gombe. Mu ne muka koma zuwa wajensa. Bayan la'asar sai mu taru a bakin turke, ni da mahaifiyata da ƙanwata, muna kore ƙuda muna ba shi labarin makaranta, rago yana cin gefen rigata. Kakata ba ta taɓa zuwa ba. Sai wata rana, ana tsakiyar hirar, ta fito da ƙwaryar dusa, mayafi har goshi. Ta zuba wa tumakin, ta tsaya tana shafa bayan wata tsohuwar tunkiya, ta ce mata a gaya wa na Gombe an ce ya rame, ya riƙa cin abinci. Ta juya ta tafi abinta.

Bango ya ce wa tunkiyar to, in sha Allahu.